Ɗa Namiji Ma Abin Tsarewa Ne

A yawancin gidajenmu na Katsina, daga Ƙofar Marusa har Sabuwar Unguwa, da an kira magariba akwai tambayar da ba ta kuskurewa: ina wance? In yarinya ba ta shigo ba hankalin uwa ya tashi, a tura ƙanenta ya leƙa maƙwabta, a yi ta buga waya. Yayanta kuwa ɗan shekara 15 yana iya kaiwa tsakar dare a waje, ba wanda ya san da su wa yake tare balle abin da yake sha, in ka yi magana a ce maka, "Ƙyale shi, ai namiji ne." Wannan rabon kulawa da muka yi ya saɓa wa yadda Allah Ya halicci ɗa namiji. Tsare 'ya mace daidai ne, ban ce a sassauta ko kaɗan ba. Sai dai da za mu duba jikin namiji da ɗabi'arsa da idon basira, da mun gane cewa wannan da muka saki yana cikin haɗarin da bai gaza na 'yar'uwarsa ba, ta wasu fuskokin ma ya fi.

Ba na cikin masu cewa namiji da mace duk abu guda ne, wai al'ada ce kawai ta raba su. Alƙur'ani ya faɗa a ƙissar haihuwar Nana Maryam cewa namiji ba kamar mace yake ba, likitanci ma bai zo da wata magana dabam ba. Bambancin yana nan a jini da tsoka da ƙashi. Damuwata ita ce rabinsa kawai muke karantawa, wato rabin da ke yi wa maza daɗin ji.

A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai wasu zaruruwa 46 masu ɗauke da gado, ana kiransu kiromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu ne ke da alhakin jinsi. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ke nan uwa ba ta da abin da za ta ba ɗan cikinta sai X. Maniyyin uba ne ke zuwa da X a haifi mace, ko ya zo da Y a haifi namiji. Tun 1905 wata mai bincike 'yar Amurka, Nettie Stevens, ta gano wannan tsari, amma har gobe a garin nan ana yi wa mace gori a ce ba ta haifar komai sai ɗiya mata, uwar miji ta ɗaure fuska ranar suna ta huɗu, a fara zuga maigida ya ƙaro wadda za ta ba shi magaji. Allah Ya ce a Suratus Shura Shi ke ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza. Sababin da Ya sanya wa wannan kyauta kuwa ta jikin uba ya biyo, matar ba ta da hannu a ciki ko na sisin kwabo. Haka zancen rashin haihuwa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi musu wuya, namijin yana da kaso a matsalar, wani lokaci ma daga gare shi take gaba ɗaya. Duk da haka ita ce za ta sha yawon asibiti da gidajen masu magani, ta sha jiƙe-jiƙe har cikinta ya lalace, shi kuwa in likita ya ce ya kawo nasa a gwada sai ya ji an taɓa mutuncinsa. Wannan zalunci ne, kuma rashin sani ke riƙe da shi.

A makonnin farko na ciki ba a bambance namiji da mace. Sai wajen mako na 7 wata ƙwayar gado da ke kan Y, wadda masu bincike a Ingila suka gano a 1990 suka sa mata suna SRY, take juya halittar zuwa ta namiji. Shi Y ɗin ƙarami ne ƙwarai in aka jera shi da X, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 800 da jiki ke buƙata. Raunin namiji na farko daga nan ya faro. Mace in X ɗinta guda ya zo da tangarɗa, ɗayan yakan rufa mata asiri. Namiji kuwa kamar direba ne da ya kama hanyar Jibiya ba safaya a but, tayar da ta fashe ta fashe ke nan. Shi ya sa ciwon rashin daskarewar jini kusan na maza ne zalla, haka ma kasa bambance launin ja da kore.

Akwai guda da ya fi shafarmu a nan, kuma ya kamata kowace ungozoma da kowace kaka ta san shi. Wasu yara ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna ce masa G6PD. Matsalar ta yawaita a Yammacin Afirka, kuma tun da a kan X take, jarirai maza ta fi kamawa. Irin wannan jariri in ya shaƙi kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayan jego don ƙamshi da korar kyankyaso, jininsa yana iya fara fashewa, ido da fata su yi ɗorawa, a ce shawara ce. In ta yi tsanani ba a kai shi an sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti da wuri ba, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa zama da tafiya. Ana murna an samu namiji, ana yanka rago, ba a san cewa shi ne ya fi buƙatar a sa masa ido a makon farko ba.

A duniya baki ɗaya ana haihuwar maza kimanin 105 a kan kowaɗanne mata 100, amma jarirai maza sun fi mutuwa, bakwaini namiji ya fi bakwaini mace wuyar rayuwa. Garkuwar jikin mace ta fi ta namiji zafin nama wajen tarar cuta, shi ya sa lokacin korona maza suka fi mata mutuwa a yawancin ƙasashe. Su ma matan suna biyan kuɗin wannan, don cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita sun fi yawa a cikinsu nesa ba kusa ba.

Ƙarfin da muke tinƙaho da shi sai lokacin balaga yake zuwa. Maraina suna sakin sinadarin testosteron, wanda a jinin baligi namiji ya ninka na mace fiye da sau 10. Shi ke fasa murya, ya fito da gemu, ya buɗe kafaɗa, ya ƙara tsoka da kaurin ƙashi, ya ƙara yawan jini. Ko ma'aunin ƙarancin jini na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bambanta: giram 13 na sinadarin da ke sa jini ja a kowane mililita 100 na jini ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. A tsaka-tsaki namiji ya ɗara mace tsawo da wajen santimita 12, ƙarfin damtse da ƙirji kuwa tazarar ta fi haka yawa. A tseren mita 100 bajintar maza daƙiƙa 9.58 ce, wadda Usain Bolt ya kafa a 2009, ta mata kuwa 10.49 ce tun 1988. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ya ga masu dako suna saɓa buhun masara ba ya buƙatar a karanta masa wannan. Jikin mace an shirya shi ne don wani nauyin da ba namijin da zai iya ɗauka: ciki wata tara, naƙuda, shayarwa shekara biyu. Ayar da ta ba maza tsayuwa a kan mata a Suratun Nisa'i ta haɗa abin da ciyarwa, wato ƙarfin na ɗaukar ɗawainiya ne. Mai amfani da shi wajen kumbura fuskar matarsa ya ci amanar abin da aka ba shi.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne ɗabi'a. Saurayi yana son kasada, yana son a san da shi a cikin tsara, ba ya son a ce ya ji tsoro. Ga jiki ya cika da ƙarfi tun yana ɗan 16, ga ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da taka burki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Tsakanin shekara 16 da 25 ɗin nan muke asarar 'ya'yanmu maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma a cikin kowane mutum huɗu da suka mutu a titi wajen uku maza ne. Wanda ya ga yadda yara ke wasa da babur ranar ɗaurin aure ko bayan hawan salla, mutum uku a kan mashin ɗaya ana ɗaga tayar gaba, ya san ba labarin wata ƙasa ake ba shi ba. Rahoton 2019 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka ya nuna kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake tuhuma da kisan kai maza ne, waɗanda ake kashewa ma kimanin kashi 80 maza ne. Matan da ake kashewa kuwa, fiye da rabinsu a hannun miji ko dangi suke mutuwa. A gidajen yarin Najeriya mata wajen kashi 2 cikin 100 ne kacal. Binciken shaye-shaye na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a ƙasar nan suna ta'ammali da ƙwaya, uku cikin huɗu maza.

Mu a Katsina ba sai an kawo mana lissafi ba. Kaurayen da ke tare lungu da adda da gariyo maza ne, yawancinsu ba su kai 25 ba. Waɗanda suka hana mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa noma da barci maza ne, a cikinsu har da yaran da bindiga ta kusa fin su tsawo. 'Yan sa-kai da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2023, waɗanda ke tarar su a daji suna mutuwa, su ma samari ne. Ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a Disambar 2020 yara maza ne. Ta kowane ɓangare ka duba wannan bala'i, ɗa namiji ne a ciki, ko yana yi ko ana yi masa.

Wani zai ce to ai ka faɗa da bakinka, halitta ce, me za a yi? Ba na karɓar wannan. Jinin saurayin Japan da na saurayin Afirka ta Kudu testosteron ɗaya ne ke gudu a ciki, amma a Japan kisan kai bai kai mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, a Afirka ta Kudu ya haura 30. Halitta tana ba yaro zafin jini da son ɗaukaka, al'umma ce ke nuna masa inda ake samun ɗaukakar. In a unguwarsu wanda ake girmamawa shi ne mahaddaci ko gwanin walda, can zai zuba ƙarfinsa. In wanda ake tsoro kuma ake yi wa kirari shi ne mai sara, to sara zai koya. Kakanninmu sun fahimci wannan ba tare da sun shiga ɗakin gwaje-gwaje ba. Suna da gayya, inda samari ke gasar wanda zai riga fitar da kunya a gona ana yi musu kiɗa. Suna da kokawa da dambe bayan kaka, da alƙali da ƙa'ida da mai raba faɗa. Suna da farauta da shugabanta, Fulani suna da sharo. Suna da sarkin samari da zai kira wanda ya yi ba daidai ba ya ci shi tara. Kuma kusan kowane yaro yana da sana'ar gidansu, yana wuni a gefen ubansa a maƙera ko marina ko bakin kasuwa. Yawancin waɗannan sun watse, ba mu kafa komai a gurbinsu ba, zafin jinin kuwa yana nan yadda yake.

Shi kansa sinadarin yana bin yadda mutum ke rayuwa. A wani bincike da aka buga a 2011, an bi samari fiye da 600 a birnin Sebu na ƙasar Filifin tsawon shekaru, aka ga waɗanda suka yi aure suka haihu testosteron ɗinsu ya sauka da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, kuma waɗanda ke ɗaukar sa'o'i suna hidimar jaririn nasu ya fi sauka. Wato an gina jikin namiji yadda zai yi laushi in ya rungumi ɗansa. Mu kuwa mun mayar da ɗaukar jariri abin kunya ga uba, muna cewa namiji ba ɗan goyo ba ne, mu kuma hana shi goyon nasa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban wani da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ya gaya masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shi ne kuma ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

Akwai kuma bambance-bambancen da mu muka ƙirƙira muka jingina wa halitta. Matsakaicin kaifin basirar maza da na mata ɗaya ne, duk malamin da ya koyar a ajin da ke haɗe ya sani, a ƙananan azuzuwa ma sau da yawa 'yan mata ke riga maza iya karatu. Zancen cewa mata sun ninka maza surutu an gwada shi a 2007, aka maƙala wa ɗaliban jami'a kusan 400 a Amurka da Meziko na'urar naɗar murya, aka tarar kowane ɓangare yana furta kalmomi wajen 16,000 a rana. Mutumin Daura kuwa ba ya buƙatar a gaya masa mace tana iya riƙe gari, tarihin garinsu da magajiyoyi ya fara har zuwa kan Daurama. Ko inda bambancin yake na gaske, magana ce ta galibi. Akwai mace mai zuciyar da ta fi ta maza goma, akwai namiji mai sanyin hali tun yana yaro, kuma ba wanda ya fita daga jinsinsa saboda haka.

Yaron da aka ce masa namiji ba ya kuka shi ne magidancin da ba ya faɗin ciwo. Mace ko ba komai ciki yana kai ta awo, a auna jininta, a duba fitsarinta. Namiji yana iya shekara 50 ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini a hannu ba, yana shan maganin ciwon kai daga kemis, sai ranar da ya faɗi a masallaci ko a rumfarsa ɓarin jiki ya shanye a ce hawan jini ne. Kansar furostet, wannan ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ita ce kansar da ta fi kama mazan Najeriya, kuma yawanci sai ta yi nisa ake zuwa asibiti, don dattijo ba zai iya buɗe baki ya ce fitsari yana yi masa gardama ba. Tarin tibi ya fi kama maza. Masu kashe kansu a duniya maza sun ninka mata fiye da sau biyu. Magidanci yana ɗauke da bashin mai shago da kuɗin haya da na makaranta, ga gonar da ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga, ba ya gaya wa matarsa don kada ta raina shi, ba ya gaya wa abokai a majalisa don kada a yi da shi. Duk wannan yana cikin dalilan da suka sa a duniya mata suka fi maza tsawon rai da kusan shekara 5.

A Najeriya tazarar ba ta kai haka ba, kuma dalilin abin baƙin ciki ne, matanmu ne ke mutuwa wurin haihuwa. An ƙiyasta mata 82,000 suka rasu ta wannan hanya a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya gaba ɗaya. Wanda ya taɓa shiga asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga ya ga ƙananan matan da doguwar naƙuda ta illata ba zai yi zaton ina cewa maza sun fi mata shan wuya ba. Sau da yawa ma jinkirin kai mai naƙuda asibiti daga wurin namiji yake, ana jiran izninsa ko kuɗinsa. Yaron da aka bari ya tashi ba mai kwaɓarsa shi ne mijin da za a ba 'yar da aka killace shekara 18, don haka sakacinmu da shi a kanta yake ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun da muke sallamar yaro. Ba uban da zai ɗauki ɗiyarsa 'yar shekara 7 ya kai ta wani gari ya bar ta ta nemi abin da za ta ci da ƙoƙo, amma ana yi wa namiji haka kullum. Karatun Alƙur'ani ba shi da laifi, Katsina da shi aka san ta tun zamanin Gobarau da Wali Ɗan Marina. Laifin yana wurin ɗaukar cewa ƙaramin yaro ba ya buƙatar uwa da abinci da wanka da mai tambayarsa inda ke masa ciwo don kawai namiji ne. Ɗan shekara 7 bai balaga ba, ƙarfinsa da na tsararsa mace kusan ɗaya ne, garkuwar jikinsa ma ba ta kai tata ba. Waɗanda ke gida su ma da sun kai 13 ko 14 sai a ware musu shago a ƙofar gida mai ƙofa ta waje, uwa ba ta shiga don kunya, uba ba ya leƙawa don ya fita tun safe. A irin waɗannan ɗakuna ake fara koyon taba, daga ita sai wiwi da kodin da tiramol.

Wannan aiki na iyaye maza ne, don akwai shekarun da yaro ba ya jin maganar uwa kamar da, yana neman namiji babba da zai kwaikwaya, in bai samu a gida ba zai samu a bakin titi. Uba ya san abokan ɗansa da sunayensu da gidajensu, ya riƙa shiga ɗakin nan ba sai an yi laifi ba, ya ja shi zuwa wurin sana'arsa ranakun da ba makaranta. Wanda zai ba da ɗansa karatun allo ya ba da shi inda zai riƙa kwana a gida, ko ya jira ya yi wayo kuma ya ɗauki nauyin cinsa. Limamanmu da ke yawan huɗuba a kan suturar mata, wadda ta cancanci a yi, su ware wasu Juma'o'in su yi a kan haƙƙin ɗa namiji a wuyan ubansa. Masu unguwanni kuma suna iya zama da kafintoci da teloli da makanikai da masu walda na unguwa, a rubuta sunayen samarin da ba sa makaranta ba sa sana'a, kowane mai gareji ko shago ya ɗauki biyu ko uku, ƙaramar hukuma ta taimaka da kayan aiki da kuɗin abincin rana na watannin farko.